Labbo Jikan Kanta

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Bagudo ya san Labbo mai shayi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin da ke sauke tukunya daga kan garwashi da hannu zalla, ba tsumma, ba gaggawa, yana ci gaba da hirarsa. Tafin hannunsa kauri gare shi kamar fatar da aka fara jima aka bari, launinsa rawaya-rawaya, kuma kaurin ya tsaya cak a gefen hannu kamar an ja masa layi. Tafin ƙafarsa ma haka. Ba noma ne ya ba shi ba, don tsakanin Labbo da fartanya gaisuwa ce kawai. Da abinsa ya tashi, kamar yadda ubansa ya tashi da shi, da kakansa, wanda aka ce ta kogi ya zo ƙasar nan bai kuma faɗi daga ina ba.

Uban Labbo ya rayu ya mutu a Lafagu da ƙwaryar shan ruwansa daban. Ba wanda ya taɓa korarsa daga ko'ina. In ana suna ko ɗaurin aure, sai a zuba masa tuwonsa shi kaɗai a akushi, a ce don girmamawa ne. Da yatsunsa goma ya shiga kabari, amma har ranar mutane ba su daina jiran su ga sun fara gutsurewa ba. Kalmar kuturta ba a faɗinta a gabansa. Ana dai ajiye ta kusa, inda hannu zai kai.

Da tsohon ya rasu, Labbo, wanda shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'yansa, ya koma Bagudo ya kafa teburin shayi. Sana'ar da mutum ke miƙa wa jama'a kofi da hannunsa ba ita ce ta fi dacewa da shi ba, kuma garin ya nuna masa haka. Baƙi kaɗai ke zama a bencinsa, su ma sai waɗanda ba su lura ba sai bayan sun kurɓa.

Cikin 'yan gari mutum ɗaya ke zuwa, Malam Zainulabideen, malamin tarihi a sakandare, wanda ke son teburin saboda ba kowa a kai. Wata safiya direbobi biyu uku na tsaye kusa suna jiran fasinja, Malam ya dubi hannun da ya miƙo masa kofi ya ce:

“Labbo, mutane sai sun yi shekaru suna noma kahin hannunsu shi yi kanta. Kai da ita anka haihe ka. In ana bidar jikan Kanta na gaskiya a ƙasar Kabi, ai kai na.”

Wasa ne na malamin makaranta, kalma ɗaya mai gida biyu: kanta ta taurin fata, da Kanta sarkin da ya kafa Kabi ya gina Surame. Direbobi suka yi dariya. Labbo bai yi ba. Ya dai ƙara wa Malam madara.

Ba a jima ba aka mayar da Malam wata makaranta can wajen Yawuri, sai ya zama babu sauran mai tuna cewa wasa ne. Maganar ta zauna a tasha, kuma tasha wuri ne mai taki. Wani ya ce ya ji tun da daɗewa cewa Kanta da hannunsa ya ɗauki duwatsun ganuwar Surame, ƙafa ba takalmi, shi ya sa tafinsa ya taurare. Wani ya ce lalle, kuma alamar ta bi jini. Wani ya tuna cewa kakan Labbo ta kogi ya zo, kuma ba ya faɗin asalinsa, wanda hali ne na 'ya'yan sarauta da aka yi wa ƙwace. In an tambayi Labbo sai ya ce, “Hakanan anka ce.” Gaskiya ce, an ce. Da shekaru suka yi nisa ya gaji da tsawon jimlar, ya rage ta zuwa “Hakanan na.”

Suna ya biyo baya: Yarima. Benci ɗaya ya zama uku. Direban da zai ɗauki hanyar Dole Kaina ko Lolo ba ya tayar da mota sai ya sha hannu da Yarima, don neman sa'a. 'Yan kasuwa daga ƙasar Binin su tsaya su ce a nuna musu, su taɓa, su yi magana da yaren Dendi suna girgiza kai. A wurin suna aka riƙa matsa masa gefen tabarmar manya, ya sa hannu a akushi ɗaya da su. Shayin dai bai canza ba. Sukari ya yi masa yawa tun farko, har yau kuma haka yake.

Sarautar ce ta ba shi mata. Uban Asibi, wani manomin gero a Matsinkai, ya yi bincike kamar yadda ake yi, aka ce masa yaron jinin Kanta ne, ya ce to. Da binciken ya kai shi Lafagu da ya ji wani labari, amma Lafagu da nisa, tasha kuwa ga ta nan.

Asibi ita ta san sarautar daga ƙasa. Duk ranar Juma'a da hantsi sai ta ɗuma ruwa, Yarima ya tsoma ƙafafu a roba har su yi laushi, ta ɗauki reza ta fere su a hankali kamar mai feren kabewa, sannan ta shafe da man kaɗe. In aka bar su, lokacin sanyi sukan tsage har jini, ya koma tafiya kamar mai taka ƙaya. Lokacin zafi kuwa zufa ce da wari. Ta haifa masa Zayyanu, da Safina, da Hassan, kuma kowannensu kafin ya fara tafiya tafinsa ya yi ja, sannan ya yi kauri. Aikin Juma'a ya zama layi, uba a gaba, 'ya'ya a baya.

Gida irin wannan yana shan man kaɗe. Na kasuwar Bagudo a ganin Asibi haɗi ne, na gaske yana hannun tsofaffin matan Segbana, a tsallaken iyaka, cikin ƙasar Binin. Don haka lokaci-lokaci takan hau kabu-kabu ta bi ta Tsamiya, ta dawo da ƙwarya cike, ta sayar da rabi ta ajiye rabi. Ko lokacin da aka rufe iyaka ba ta fasa ba, hanyar daji ta bi. Masu tsaro sun san ta, kuma man kaɗe ba shinkafa ba ne.

Duk yaron da alamar ta fito masa, Labbo kan ɗauko shi ya kawo tebur, ya ɗaga ɗan hannun sama kowa ya gani.

“Jinina ba ya ɓoyuwa,” in ji shi. “Duk ɗan da ke nawa, sai ta hito mishi.”

Ya faɗi wannan jimla a kan Zayyanu, ya maimaita a kan Safina, a kan Hassan har wasu suka taya shi ƙarasawa. Ba wanda ya ja hankalinsa cewa jimlar tana da baya.

Sai aka haifi Ni'ima. Ta yi rarrafe, ta miƙe, ta yi gudu, aka yaye ta, tafin hannunta na nan laushi kamar auduga. Labbo kan buɗe hannun kowace safiya ya duba, kamar manomin da ya yi shuka yana jiran tsiro. Asibi kuwa ta gode wa Allah a ranta, ta ce ko ba komai layi bai ƙaru ba.

Wata rana Asibi ta biyo ta tasha da yarinyar. Bilyamin, direban da ke jigilar Tsamiya, mutum mai baki da kyakkyawar zuciya, ya saya wa Ni'ima alewa. Da ta miƙo hannu ya riƙe, ya juya shi, ya ɗaga murya yadda benci uku za su ji.

“Yarima! Wagga ba hannun Kabi tad ɗauko ba. Hannun Segbana na. Ka ga amhwanin man kaɗe!”

Aka yi dariya. Bilyamin bai nufi komai ba, ya shiga motarsa ya manta. Amma a tashar da wasa ɗaya ya naɗa Yarima, babu dalilin da zai sa wasa na biyu ya mutu da yunwa.

Kafin damina ta fita, maganar ta shiga gidaje. Matan unguwa suka fara gaida Asibi da “Ya mutanen Binin?” A wurin biki wata ta tambaya, ba da ita take ba, wai shin maza na sayar da man kaɗe a Segbana. Wata ta ce ita dai ba ta taɓa ganin man da sai an kwana hanya ake samunsa ba, ko da yake Asibi ba ta taɓa kwana ba. Yara suka sa wa Ni'ima 'Yar Faransa, tun da Faransanci ake yi a Binin. Ba wanda ya zargi kowa da komai. Shaidar ma ba tasu ba ce, mijin ne da bakinsa ya kafa dokar, su bi kawai suka yi.

Labbo bai yi shakkar matarsa ba. Wannan ya kamata a rubuta masa. Sai dai bai ce komai ba, wannan ma ya kamata a rubuta.

Ran wata Juma'a ƙafarsa na kan cinyarta, Asibi ta tsayar da reza.

“Ranka shi daɗe,” ta ce, don haka take kiransa in ranta ya ɓaci, “ka ji abin da aka ce da ni cikin gari?”

“Maganar tasha ta. Bar su.”

“Maganar tasha ta maishe ka Yarima, ban ga ka bar ta ba.”

“To mi kike so in yi?”

“Ka hita ka ce musu ba kowa ka hitowa da ita ba.”

“Na riga na ce kowa.”

“Sai ka ce ka yi kure.”

Labbo ya dubi rufin ɗaki. “Ki ba ta lokaci. Wataƙila tata na tahe, makara ta yi.”

Asibi ta ajiye ƙafar a ƙasa, ba a hankali ba. “Wato roƙon Allah kake shi tsaga ma ɗiyata ƙahwa don a wanke ni.”

Abin da Labbo ya ɗauka daga wannan hira shi ne akwai abin da ke riƙe kantar yarinyar, kuma asibiti ake kai irin wannan. Suka ɗauki mota su uku zuwa wani babban asibiti a Birnin Kabi, aka tura su wurin likitar fata, wata mace mai tabarau da ba ta da lokacin ɓatawa. Labbo ya zaunar da Ni'ima a gabanta ya buɗe mata hannuwan.

Likita ta duba ciki da baya. “Me ke damunta?”

“Ba ta hito ba.”

“Mece ce ba ta fito ba?”

Labbo ya buɗe nasa. “Wagga. 'Yan'uwanta duk sun yi. Ko akwai allura ko wani abin sha da za shi taso da ita.”

Likita ta cire tabarau ta dube shi, ta dubi Asibi, Asibi ta dubi bango. Sannan ta ɗaga yarinyar daga kujera ta ce wa uban ya zauna, ya cire takalmi. Ta daɗe a kan ƙafafun. Ta tambayi ubansa, da kakansa, da yaran gida.

“Malam, wannan gado ne.”

Labbo ya juya ga matarsa fuska a sake. “Kin ji ko? Likita ma ta ce gado na.”

“Ciwon fata ne na gado,” in ji likita. “Ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗaukarsa, ko a kwano ɗaya kuke ci. Ba ya warkewa, sai dai a riƙa jiƙawa ana ragewa ana shafa mai, zan kuma rubuta maka wanda ya fi sa laushi. Irin naku, in uba na da shi, kowane ciki rabi da rabi ne, ko ɗa ya ɗauko ko ya tsallake. Uku sun ɗauko, wannan ta tsallake. A gidanka ita ce mai lafiya, ita kuma ka kawo mini.”

Labbo ya tambaya a hankali ko ciwon na mutanen Kabi ne kaɗai. Likita ta ce a'a, akwai shi a Binin, akwai a Sin, akwai wurin Turawa. Ta kira na gaba.

A mota Asibi ta bari sai da suka wuce gada, sannan ta ce, “To, ka ji da kunnenka. Yaushe za ka gaya musu?”

“Sai na samu lokacin da ya dace.”

Ba wauta ce ta hana shi ba. Labbo ya san garinsa. Ya san abin da ke wanke Asibi kalma ɗaya ce, ciwo, kuma ya san inda wannan kalma ta zaunar da ubansa. Sarautar ƙarya ce, amma ita ta cika benci, ita ta sa Zayyanu ke cin abinci da abokansa a makaranta, ita za ta sa wata rana wani ya zo neman auren Safina. In ya buɗe baki zai fanshi mace ɗaya da yarinya ɗaya, ya biya da kansa da yara uku. Ya juya lissafin ta kowane gefe, bai ga inda ya fita lafiya ba. Sai ya yi abin da masu hankali ke yi, ya ci gaba da zuba shayi.

Lokacin da ya dace bai zo ba. Da aka gama girbin gero, Asibi ta ɗaure kayanta ta goya Ni'ima. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye reza da sauran man kaɗe a bakin ƙofa.

“Ni na tahi Matsinkai. Can ba wanda ka duba hannun ɗiyata kahin shi gaishe ni. Sarauta kuma ga ta nan, ku bar ta ta girma.”

Ta girma kuwa. Safina ta gwada aikin reza ta yanke uban, ta yanke kanta. Sanyi ya shigo, dugadugai suka buɗe, Yarima ya koma zuwa tasha a kan kabu-kabu daga gidan da ake hango rufinsa daga teburin. Tafiyar Asibi kuma gari ya karɓe ta a matsayin amsa. Aka ce ai ga shi nan, mai gaskiya ba ta gudu. Wani dattijo har ya yaba wa Labbo da ya rabu da ita ba hayaniya, ya ce halin manya ke nan.

Mutanen tasha har yau ba su daidaita ba a kan abin da ya motsa shi. Wasu na cewa yabon dattijon ne ya tsaya masa a wuya. Wasu na cewa ƙafa ce. Ko ma mene ne, ranar kasuwa da safe, benci uku a cike, Labbo ya buga cokali a jikin kofi.

Ya fara da rabin hanya. Ya ce ya je babban asibiti, likita ta tabbatar gado ne, sai dai gadon kan tsallake wani ɗa.

Bilyamin na nan, bakinsa cike da burodi. “Haba Yarima, jinin sarauta ka tsallake? Kai kac ce ba ya ɓoyuwa.”

“Likita ta ce.”

“Likita ta san Kanta?”

“Ba ta san shi ba. Ta ce akwai irin wagga har Sin, har wurin Turawa.”

“Su ma duk sun ɗauki dutsen Surame?”

Dariya ta tashi, wani ya ƙware da shayi. Labbo ya tsaya yana kallonsu. Ya san wannan dariya, ita ce dai ta ranar alewa, kuma ya ga kafin azahar za a ce Yarima ya je har Birni ya sayo wa matarsa uzuri.

Ya ajiye cokali ya buɗe hannuwansa biyu a kan tebur.

“Ciwo na,” ya ce. “Ciwon hwata, na gado. Ba ni da kaka sarki. Malam Zainu ya yi wasa, ni kau na riƙe. Ubana na da shi, ni ina da shi, ɗiyana ukku na da shi. Ni'ima ɗiyata ta, Allah ya tsallakar da ita. Uwarta kau Segbana take zuwa don ƙahwata, ba don kowa ba. Kuma ku ji, ba a ɗauka. Likita ta ce ba kuturta ba ta.”

Bayani ne cikakke, ba abin da ya rage. Jama'a suka riƙe kalmar farko da ta kusa da ƙarshe, ciwo da kuturta, suka bar na tsakiya a kan tebur. Dattijon nan ya leƙa cikin kofinsa, wanda shekara da shekaru yake sha daga wannan hannu, ya ajiye shi a hankali, ya tuna yana da saƙo a kasuwa. Kafin tukunya ta sake tafasa benci ɗaya ya wofinta.

Yanzu benci biyu sun koma wurin wani mai shayi a ɗaya bakin tashar, saurayi mai santsin hannu da ke wanke kofuna a ruwa ɗaya daga safe har yamma. Masu neman sa'ar hanya sun koma neman ta da addu'a. Ba a kiran Labbo Yarima sai in an so a yi dariya. Bilyamin kaɗai bai motsa ba. Kofi biyu yake sha kullum, na biyun ba don yana so ba, kuma shi ya ɗauki Labbo a motarsa zuwa biko Matsinkai, bai ce uffan ba duk hanya, abin da direbobi ke cewa bai taɓa faruwa ba.

Asibi ta dawo. Gaisuwar mutanen Binin ta tsaya kamar an kashe rediyo. Ba wadda ta zo ba ta haƙuri, tun da ba wadda ta taɓa cewa komai.

Kwanakin baya aka yi suna a maƙwabta, aka zuba wa yara shinkafa a babban faranti a tsakar gida. Ni'ima ta tsuguna ta sa hannunta mai laushi cikin na sauran. Sai wata mata, ɗaya daga cikin masu tambayar man kaɗen nan, ta taso da sauri ta fizge ɗanta.

“Kai, taso nan! Ba ka san ɗiyar Labbo ta ba? Ciwon gidansu a jini yake.”

Aka samo ɗan kwano aka zuba wa Ni'ima nata daban. Matan suka saci kallon Asibi suna jiran tashin hankali. Asibi ta gyara mayafi ta matso kusa da matar.

“Yaya, ban ji ba. Ɗiyar wa kika ce?”

“Ɗiyar Labbo mana.”

“Ƙara hwaɗi da ƙarhi,” in ji Asibi. “Waɗancan na bakin ƙohwa ba su ji ba.”